Na Ci Ƙosan Sadakar Mutuwata

Tun da na dawo daga Maraɗi ban samu sakat ba. A masallacin unguwa, a ofis, har a wurin mai faci, tambayar ɗaya ce: wai da gaske an ce ka mutu? Abokan aikina ma sun ajiye Dakta Lawal, sai dai ka ji an ƙwala "marigayi" daga ƙarshen baranda. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa gishirin, har jiya wani ya rantse mini cewa an kai ni na ga kabarina. Ba a nuna mini kabari ba. Ga yadda abin ya faru, wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa wannan ya karanta.

Ni malamin jami'a ne, kuma bincikena a kan ƙwarin da ke cinye wake a wurin ajiya yake. Shekarun baya na haɗa wata 'yar manhaja ta waya. Za ka ɗauki hoton wakenka, ta duba, ta gaya maka wane ƙwaro ne ya shiga da abin da za ka yi, ba tare da ka sayi data ba. Da yake yawancin manoma ba su yi boko ba, sai na sa ta riƙa magana da Hausa. Ba ni da abin biyan mai murya, don haka na shiga sito na matata Binta, na rufe ƙofa, na naɗi muryata tsakanin buhun shinkafa da jarkar manja. Na saki manhajar kyauta, na bar asalin rubutunta a buɗe a intanet don duk mai so ya ɗauka ya gyara ya ƙara. Sakamakon binciken kuma na buga shi a mujallar da kowa ke iya karantawa ba tare da ya biya ko sisi ba.

A lokacin ji nake na yi abin kirki. Kwamitin ƙarin girma ne ya dawo da ni ƙasa. Wani dattijon farfesa ya zare tabarau ya dube ni ya ce, "Lawal, aikin nan naka wa ya ambace shi? Masana nawa suka kafa hujja da shi? Abin da ka zubar a titi kowa ya tsinta, shi za ka kawo mana a matsayin bincike?" Na koma ofis na duba adadin waɗanda suka sauke manhajar, na tarar ba su cika motar haya biyu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Daga ranar ban sake taɓa ta ba, har na fara jin kunyar a ambace ta a gabana.

Ana haka sai Alhaji Mamman ya zo gidana. Dillalin taki ne da maganin ƙwari a Katsina, abokin yayana Sani, mutum mai faɗin ciki da faɗin dariya. Ya ce akwai wani kamfani mai ofis a Maraɗi da ke son manhajar. Sharuɗɗansu a fili suke: in janye wadda na bari a buɗe, sunana da muryata su zama nasu, sabuwar da za a fitar a kulle ta sai wanda ya biya, kuma duk inda take cewa a shanya wake a rana a ɗaure shi a buhu mai leda, ta fara ambatar garin maganinsu. Na san abin da wannan ke nufi sarai, ni da na yi shekaru ina hana mutane barbaɗa guba a abin da za su ci. Amma na ce na yarda. Binta ma cewa ta yi, "In dai za a gyara rufin ɗakin nan da ke yoyo, ka sayar musu har da wannan tarin naka da ya shiga ciki." Abin da ya kai ni Maraɗi ke nan, sa hannu.

Mun bar Katsina da hantsi a motar Alhaji, don hanyar Jibiya ba a yi mata sammako kuma ba a yi mata yamma. Shinge bayan shinge muka yi ta wucewa, Alhaji yana leƙa kai yana gaishe da kowa kamar surukansa. Da muka gifta mararrabar Bugaje sai ya rage sautin rediyo ya shiga salati, ni ma na kama. Dangin mahaifiyata 'yan Farfaru ne, na sha furar ƙauyukan nan ina yaro, amma ga abin kunya: na hau jirgi na je taro a ƙasashen da sai an kwana a sama, ban taɓa taka Nijar ba, ga ta a bayan gida.

Magama, garin bakin iyaka, ta ba ni mamaki. Manyan motoci sun yi layi har ido ya gaji, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu, wani har da igiyar shanya. Babura suna keta tsakani da lodin da ko jaki zai yi ƙara. Na je wurin 'yan canji na fito da damin naira da ya kumbura mini aljihu, mutumin ya lissafa, ya miƙo mini wasu 'yan takardu da suka ɓace a tafin hannuna. Na tsaya ina jiran ciko. Ya ce, "Yallaɓai, shi ke nan hwa. Haka duniya ta koma." Na juya, Alhaji yana ta ƙyaƙyata mini dariya.

Aka buga mana hatimi a ɓangarenmu, muka gangara Ɗan Isa, ɓangaren Nijar. Nan na fara ganin bambanci. A gida in ka iso gaban mai kaki, da wasa da "ranka ya daɗe" ake farawa, aikin ya biyo baya. Can kuwa jandarman ko murmushi bai yi ba. Ya jefo mini Faransanci, na yi tsuru-tsuru, sai ya juya zuwa wata Hausa da ta fi tawa tsabta. Sai da ya gama duba fasfo ya miƙo mini, sannan ya saki fuska ya tambaye ni iyali da gajiyar hanya, har da ya ruwa ya yi a wajenmu bana.

Da yake Alhaji ya ɗauko buhun irin wake a but ɗin mota don ya nuna wa abokan cinikinsa, sai aka tura mu rumfar masu duba amfanin gona. Ma'aikacin wani dogo ne siriri, daga baya na ji sunansa Isuhu, yana riƙe da ƙaramin kofin shayi. Ya kwance bakin buhun, ya ɗebo waken a faranti, ya ciro waya. Na ga ya dubi fuskar wayar, ya ɗaga tafin hannu ɗaya yana motsa leɓe, ya shafa, sannan ya ɗauki hoto. Na ɗauka wata al'adarsu ce ta fara aiki.

Sai wayar ta yi gyaran murya ta ce, "Salamu alaikum, manomi. Wannan wake naka lafiya lau yake, amma kada ka ɗaure shi da danshi."

Muryata ce. Har da ɗan tarin nan da Binta ke yi mini tsiya a kansa. Daɗi ya kama ni, na yi dariya na ce, "Ai da ka tambaye ni da na hutar da kai, lafiya lau yake."

Mutumin ya ɗago a hankali. Ya dube ni, ya dubi wayar. Ya ce, "Mi kac ce? Sake magana."

Ni kuma da rawar kai sai na gyara tsayuwa na maimaita masa, "Salamu alaikum, manomi."

Kofin ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa. Ya ja da baya har ya ture benci, yana "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un", idonsa kamar zai faɗo.

"Kai wane na?"

"Lawal. Ni na yi manhajar."

"A'a! Malam Lawal ya rasu! Shekara nawa muna yi mai addu'a!"

Na ce wane irin ya rasu, ga ni tsaye? Bai matso ba, daga nesa ya miƙo wayar da tsawon hannunsa. Shafin farko ba wanda na sani ba ne. An rubuta da Hausa, da Faransanci a ƙasa: "Wannan aiki sadaka ce mai gudana ta marigayi Malam Lawal na Katsina. Duk wanda ya amfana ya karanta masa Fatiha." Ashe abin da na ga yana yi ke nan. A gabana, ina tsaye da hulata, mutumin nan ya yi mini addu'ar mamaci. Na zauna a kan buhun Alhaji.

Kafin in farfaɗo rumfar ta cika. Direbobi, masu tallan ruwa, 'yan kabu-kabu, wato masu acaɓansu, kowa yana leƙe. Abin da ya ƙara kiɗima ni, mutum wajen nawa suka ciro wayoyinsu, ga manhajar a ciki, sai muryata ke tashi ta ko'ina tana yi wa manomi sallama. Wani direba ya lallaɓo ya taɓa damtsena da yatsa ya ce wa na bayansa, "Da ɗumi nai." Jandarman ya zo ya sake karɓar fasfona, ya duba hoto, ya dube ni, ya sanar da jama'a da muryar hukuma cewa a takarda dai mutumin nan yana raye. Sai a lokacin Isuhu ya matso ya rungume ni, yana dariya hawaye na zuba. Ya ce dole ya kira wata Madam Rakiya, ita ce ta san kan zancen.

Da muka koma mota na juya kan Alhaji. Na lura duk hayaniyar nan shi kaɗai ne bai yi mamaki ba.

"Alhaji, ka san da wannan?"

Ya sosa ƙeya ya tada mota. "To, na ɗan gani. A wani shago na ji muryarka, na ce wannan ai ƙanen Sani ne."

"Ka ga an rubuta na mutu, ka yi shiru?"

"Haba Dakta, in na gaya maka yadda abin ya bazu ai sai ka tsauwala wa mutane. Kuma mutuwar waya ce, ba ta hana cin tuwo."

Haka muka kama hanyar Maraɗi.

Mun iso gari tsakar rana muka tarar ofisoshi a rufe. Wai haka suke yi, rana ta take kowa ya tafi gida ya kwanta, sai ta yi sanyi a dawo. A wajenmu wanda ya yi haka sai a ce ba shi da lafiya. Aka ce mana shugaban kamfanin ma ya yi tafiya, sai gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Muka kama ɗaki a wani ƙaramin masauki mai tsabta, sai dai fankar ɗakina tana juyi tana ƙara kamar injin markaɗe. Aka kawo dambu da zogale da kilishi mai taushi, da wani burodi dogo kamar taɓarya, wanda ɓawonsa ya kusa yanka mini dasashi. Mai masaukin ya dafa mana shayi a ƙofar gida. Na kurɓi kofin farko, ɗaci ya hau mini kai, na yi godiya na miƙe. Alhaji ya take mini ƙafa ya raɗa mini cewa zagaye uku ake yi, wanda ya tashi a na farko ya raina mai gida. Na koma na zauna.

Bayan la'asar wata mata ta tsaya da babur a ƙofar masaukin, ita ke tuƙa kanta, da hijabinta da jaka a baya. A garin nan mata a kan babur ba abin kallo ba ne, ni kaɗai nake sakin baki. Ta sauko ta tsaya nesa kaɗan tana kallona, ta daɗe. Sannan ta ce, "Malam, ka yi mini gafara. Ni na kashe ka."

Ita ce Madam Rakiya, malama a wata makarantar aikin gona. Ta zauna ta ba ni labari. Ta ce lokacin da take neman abin koyarwa a kan ƙwarin wake, duk takardar binciken da ta buɗe sai a nuna mata shafin farko a ce ta sa katin banki. "Taka ɗai ta buɗe har ƙarshe," in ji ta. Ta fassara ta zuwa Faransanci, da ita take koyar da ɗalibanta. Daga nan suka bi adireshin da ke ciki suka sauke manhajar. Da suka ga rubutunta a buɗe yake, sai ɗaliban suka shiga ciki. Suka ƙara mata Faransanci da Zabarmanci da Fulatanci, suka gyara wani wuri da take rikicewa in waken ja ne, amma Hausar suka bar ta da muryata. Na ce to ya aka yi ban ga alamar kowa ba, alhali ina duba adadin masu saukewa? Ta yi dariya ta ce sau ɗaya suka sauke. Sauran duk daga waya zuwa waya ne, masu cajin waya a kasuwannin ƙauye su ke tura wa mutane tare da wa'azi da waƙoƙi.

"To mutuwar fa?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce ta yi ta aiko mini da saƙo ta adireshin da ke jikin takardar, yana dawowa. Gaskiya ne, an sauya mana adireshi a wurin aiki, ni kuma da na yi fushi da manhajar ban koma na gyara ba. Sai ta aiki kawunta mai fataucin Katsina ya nemi Malam Lawal na aikin gona. Kun san Katsina da yawan masu suna Lawal. Aka ce masa ai Allah ya yi masa rasuwa bara, har aka nuna masa ƙofar gidan, ya shiga ya yi gaisuwa.

"Kuma walle, Malam, ban yi mamaki ba," ta ce. "Nan wurinmu abin da aka bari kowa shi sha kyauta, rijiya ko randa bakin hanya, da sunan mamaci aka yin shi. Da kawu ya kawo labari sai na ce, awo, shi ya sa."

Ta roƙe ni in bi ta wani ƙauye da safe, akwai matan da ya kamata su gan ni. Na so in ƙi, amma Alhaji ya yi caraf ya ce za mu je, ai ganin kasuwa ne kafin a sa hannu. Madam Rakiya ta dube shi ba ta gane ba, ni kuma ban yi mata bayani ba. Ban iya ba.

Da safe na sa babbar rigata ta shadda wadda na tanada don zaman kamfani. Ba mu yi nisa da barin kwalta ba motar Alhaji ta nutse a rairayi har gindi. Muka tura, muka haƙa, ta ƙi. A amalanken shanu muka ƙarasa, ni da shaddata a kan ragowar harawa, Alhaji yana ta tsaki yana kare hularsa daga ƙaya.

Tun daga bakin gari na jiyo ƙamshin suya. A gaban wani ɗakin ajiya na ƙasa mata sun kafa kasko uku, ƙosai na tashi, an jera kwanoni. Shugabarsu wata tsohuwa ce ƙarama mai kaifin ido, Inna Hajo. Madam Rakiya ta raɗa mini cewa duk shekara in an gama ɗaure wake, kowace mace tana kawo tiya guda, a jiƙa, a soya ranar Juma'a a raba sadaka, Allah ya kai ladan kabarin Malam Lawal. Ta ce jiya ta kira ta gaya musu ina raye, Inna ta ce an riga an jiƙa wake, kuma ba a fasa sadaka.

Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa ba, sai ta rufe ido ta ce, "Yi magana in ji."

Na ce, "Ina kwana, Inna. Mun same ku lafiya?"

"Ba wagga ba. Ta cikin salula."

Na ce, "Salamu alaikum, manomi." Kuma wallahi ba da gangan ba, tarin ya zo.

Ta buɗe ido ta juya wurin matan. "Shi na. Har tarin." Wuri ya kaure da guɗa da salati.

Ta kama hannuna ta kai ni cikin ɗakin. Buhuna ne jere har rufi, kowanne an ɗaure bakinsa yadda na kwatanta, leda cikin leda, an rubuta sunan mai shi da gawayi. Ta ce da can kafin sanyi ya wuce waken ya zama gari, dole su sayar da shi tun a kaka a wulaƙance, ko kuma su barbaɗa masa garin magani. Ta ce wata shekara gidanta duka suka kwanta bayan sun ci wake da shinkafa. Manya suka tashi. Jikarta Hadiza ba ta tashi ba.

"Tun da munka samu muryarka ba mu sake sa wa abinci magani ba," ta ce. "Kullum na ɗaure buhu sai in ce, Allah shi haɗa bawan nan da Hadiza, shi ji ƙansu gaba ɗaya."

Takardar yarjejeniyar tana aljihun rigata a ninke, ina jin gefenta a ƙirjina. A cikinta akwai layin da ya ce muryata za ta fara ambatar garin magani.

Muka fito aka shimfiɗa mini tabarma, Inna ta ajiye kwanon ƙosai a gabana da hannunta. Na ce ai ni aka yi wa sadakar, ya za a yi in ci? Ta ce, "Ci, ɗiyana. Kai ɗai na gani wanda ya zo karɓar tashi da ƙahwa tai." Na ɗauka na kai baki. Ƙosai ne mai kyau, da albasa da tattasai. Alhaji kuwa ya cika baki, ya matso kunnena yana cewa, "Ka ga kasuwa, Dakta? Wannan ƙauye ɗaya ne fa. Ko kaɗan-kaɗan aka sa musu, lissafa ka gani."

Ban sani ba ko Inna ta ji shi. Ina jin ba ta ji ba, don babu zargi a fuskarta ko kaɗan. Ta gyara zama a gabana, ta sa hannu biyu a gwiwa, ta yi tambayar kamar mai tambayar kuɗin niƙa.

"To ɗiyana, yanzu da Allah ya sa kana da rai, nawa za mu riƙa biya? Hwaɗa muna tun yanzu mu san abin da za mu tara."

Na ga wata a bayanta ta fara kwance ƙullin bakin zanenta.

An ce mini na mutu a bakin iyaka na zauna a kan buhu, amma wannan ta fi waccan dukana. Tsohuwar nan ba ta san komai game da kamfani ba, ba ta san abin da ke aljihuna ba. Ta dai san cewa mai rai karɓa yake yi, kuma ta canka daidai, abin da ya kawo ni ƙasarsu ke nan. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona.

Na ce, "Ko dala, Inna."

Ta girgiza kai. "Kai dai hwaɗi gaskiya. Ba mu son daga baya a zo a ƙwace."

"Ba mai ƙwacewa. Na rantse da Allahn da ya dawo da ni gabanki, ko dala ba za ku biya ba, kuma muryar nan ba za ta taɓa ce muku ku sa magani a abinci ba."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce wa mai kwance zanen ta ɗaure abinta.

Alhaji ya ajiye ƙosan da ke hannunsa. A kan amalanke ya yi ta faɗa har muka iso inda motarsa take. Ya ce na kunyata shi, na watsa masa ƙasa a ido, boko ya lalata mini kai, kuma zai gaya wa yayana. Na ce ya gaya masa. Da aka ciro motar ya shiga ya ja abarsa zuwa wurin mutanensa. Ni kuwa bayan Juma'a Madam Rakiya ta raka ni tasha, na shiga motar haya, aka matse ni tsakanin wani mai buhun dabino da akuya biyu. A Ɗan Isa Isuhu ya hango ni ya taso da gudu, ya sa aka tsaida motar sai da na sha shayi, zagaye uku cif, fasinjoji suna ta gunaguni.

Da na iso gida na zayyana wa Binta komai. Ta dubi rufin, ta dube ni, ta tashi ta ɗauko bahon da muke tara ruwan yoyo ta mayar da shi wurinsa. Sai can ta ce, "Da ka kawo mini ko ƙosan ne." Farfesan nan ma na same shi na ba shi labari, na tambaye shi ko Fatihar mutanen da ban san adadinsu ba tana shiga lissafin ambato. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce babu gurbinta a takardar kwamiti. Har yau ina nan a matsayina.

Na koma kan manhajar. Na haɗa gyare-gyaren ɗaliban Madam Rakiya da nawa, na sa sunayensu, na gyara adireshin, na bar ta a buɗe yadda take. Shekaranjiya saƙonta ya shigo, karo na farko da ya iso gare ni. Tambaya take yi a kan shafin farko, ko ta goge shi gaba ɗaya tunda ga ni da rai.

Na rubuta mata cewa ta cire kalmar "marigayi" kaɗai, amma ta ajiye ta kusa, don ranar mayar da ita tana nan tafe. Fatihar kuwa kada ta taɓa mini ita.